Maɗorin da Bai Dubi Fuskar Ɗansa Ba

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kakana, mahaifin Baba, ya amsa kira a Gummi ana tsakiyar girbin gero, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. An kai shi makwancinsa da hantsi. Kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika har sai da aka aro tabarmin masallacin unguwa, mu kuma mata a cikin gida muka rasa inda za mu ajiye ƙwaryar furar da ake ta shigowa da ita.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba. Na leƙa ta zaure na ga dattawa daga Anka, daga Bukkuyum, daga Nasarawa Burkullu, kowa in ya gama addu'a ya shafa, sai ya naɗe ƙafar wando ko hannun riga ya nuna wa na kusa da shi. Wannan ya ce nan ne jaki ya kayar da shi, wancan ya ce shi daga kan rumbu ya faɗo. Wani tsoho har miƙewa ya yi ya taka ƙasa da ƙarfi don a ga ƙafar ta ɗoru, ya manta a gidan mutuwa yake. Aka yi dariya, aka koma istigfari. Kaka maɗori ne, ya gaji ɗori wurin mahaifinsa, kuma da wuya ka shiga ƙauye a yankin nan ba ka tarar da ƙashin da ya bi ta hannunsa ba.

Sai kuma samari, waɗanda ba su taɓa karyewa ba, ba su kuma taɓa ganinsa ido da ido ba. Su a fim suka san shi. Ɗaya daga cikinsu ya roƙi a nuna masa hoto. Da aka miƙa masa waya ya ga ɗan tsoho siriri, hula ta sha wanki har ta koɗe, haƙora ja da goro, sai ya ce, “Shi na wanga? Ai na cikin fim ɗin dogo na!” Ni da nake bayan labule da hawaye a fuska sai da na ƙyalƙyale. Da Kaka na nan da ya fi kowa jin daɗin wannan magana.

Da la'asar wata Bafillatana ta shigo da ƙwaryar nono a ka, ta dire a gaban Inna, wato kakata, wadda duk gidan muke kira haka don mun tashi mun ji Baba yana kira. Ta ɗaga gefen mayafi ta nuna tabon harsashi a ƙasan haƙarƙari, sannan ta kama hannun Inna ta riƙe. Bayanta wani mutum ya nemi izinin shigowa. Mai haƙar zinare ne, ba ɗan ƙasar nan ba, Hausarsa ma a karye take. Ya durƙusa daga nesa ya ce shi ba shi da kowa a nan, amma ranar da aka harbe shi, tsohon nan ne ya ɗora shi a amalanke kamar ɗansa. Ina kallon Inna lokacin da ya faɗi haka. Ta sunkuyar da kai, don ta san abin da kalmar nan ta taɓa jawo mana a gida.

Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan. Fim ya kama yini guda daga rayuwar Kaka, ya kuma kama shi da kyau, amma ina tsoron nan gaba jikokinmu su ɗauka dogon nan na cikin waya shi ne kakansu.

Kaka ba ya zama a kujera. Ko asibiti ya je dubiya sai ya zame ƙasa ya jingina da bango, ya ce kujera ta masu jiran wani abu ce. In an kawo masa mai karaya, ba ya fara taɓa wurin. Sai ya tambayi mutum garinsu, da wanda ya haife shi, da abin da ya shuka bana, ya ja shi da hira har ya saki jiki. Ana cikin gardamar ko gero ya fi dawa sai ka ji ƙas, ihu ya biyo baya, shi kuma ya ci gaba da maganar dawa kamar ba shi ya ja ƙafar ba. Daga nan ya jera karan dawa, ya naɗe da tsumma, ya yi tofi. In karayar ta fi ƙarfinsa ba ya ɓoyewa. Zai ce, “Wagga ta likita ta, ku tahi da shi yanzu, kar ku tsaya cin tuwo.”

Ni kuwa matarsa ce, haka yake kirana tun ina rarrafe, irin wasan kaka da jika. In na shigo gaishe shi sai ya ce, “Amarya, yau ma hannu rabbana kinka zaka? Miji na nan yunwa za ta kashe shi.” Ni kuma in ce ai mijin da ba shi da haƙoran cin nama, kunu ya ishe shi. Duk abin da manya ba su iya faɗa masa, ni nake faɗa, in kwashe lafiya. Na taɓa ce masa rowa gare shi don ya hana a yanka zakaransa ranar salla. Ya ce zakaran abokin shawararsa ne. Bayan kwana kaɗan na ga zakaran a gidan wata bazawara da ɗanta ya karye a hannu, an yi wa yaron romo.

Yana da shanun huɗa guda biyu da amalanke. Inna takan ce da ita da shanun nan, ba ta san wa aka fara aura ba. Bai taɓa ɗaga musu sanda ba. In sun tsaya a hanya sai ya sauko ya yi musu magana a kunne, mutane na wucewa suna dariya. Rigimarsu da Inna kullum a kan dusa ce: ita tana so ta ba awakinta, shi ya riga ya kwashe.

Lokacin duk muna ƙauyenmu, a ƙasar Bukkuyum, kafin 'yan bindiga su tashe mu.

Ranar kasuwa ce, da damina, wajen la'asar. Mutanenmu na dawowa, wasu a babur wasu a ƙasa, 'yan bindiga suka tare su a inda hanya ta ratsa wani kwazazzabo. Daga cikin gari muna jin harbi. Kowa ya ɗauki yaro ya nufi gona, gero ya yi tsawo lokacin, shi ya ɓoye mu. Da harbin ya lafa, maza suka taru bakin gari ana shawara, wasu na cewa a jira jami'an tsaro, wasu na cewa ɓarayin ba su yi nisa ba. Kaka bai shiga shawarar ba. Ya ɗaura wa shanunsa karkiya, ya jefa damin kara da tsummoki da tulun ruwa a amalanke, ya kama hanya. Da aka ga tsoho ya tafi shi kaɗai, kunya ta kama wasu, suka bi shi.

Baba na cikin waɗanda aka harba. Harsashi ya same shi a cinya ya farfasa ƙashin, ya ja jiki ya kwanta gindin wata kalgo. Idonsa biyu, yana ganin komai. Ya ga mahaifinsa ya iso, ya durƙusa, ya warware rawaninsa ya ɗaure masa cinya tamau. Bai dube shi ba. Bai ce masa sannu ba. Ya tashi ya wuce, ya sa aka ɗora Bafillatanar nan da baƙon nan mai haƙar zinare da wasu da aka harba a ciki da ƙirji, amalanke ta cika, ya juya da ita zuwa inda mota ke iya isowa. Sai a zuwa na biyu aka ɗauki Baba. A babban asibiti aka yanke ƙafar daga sama da gwiwa. Likita ya ce ɗaurin nan ne ya tsayar da jinin, ba don shi ba da gawa aka kawo. Baba ya ji, ya juya fuska bango.

Ga wanda bai san mu ba, sai in yi bayani. Baba ɗan fari ne. A wurinmu, musamman mutanen da, uba da uwa suna kunyar ɗan fari. Ba su kiran sunansa, ba su wasa da shi a gaban mutane, ba su nuna damuwa da shi ko da ciwo yake. Tun da nake ban taɓa jin sunan Baba a bakin Kaka ba. “Wancan” yake cewa, ko “yaron ga”, in da ni yake magana kuma ya ce “ubanki”. Baba ya san wannan sarai, a ciki ya tashi. Amma sanin al'ada daban, kwanciya cikin jini kana kallon bayan mahaifinka daban.

Bayan mun baro ƙauye mun dawo Gummi, gida ɗaya muka zauna, amma kamar akwai katanga a tsakar gidan. Ba su taɓa faɗa ba. Kullum da safe Baba zai dogara sandunansa ya je ƙofar ɗakin Kaka ya ce, “An kwana lahiya?” Kaka ya ce, “Lahiya lau.” Shi ke nan sai gobe. Dungun ƙafar yakan yi wa Baba ciwo in sanyi ya shigo, ciwon da ke hana shi cin abinci. Kaka ya haɗa man shanu da magani ya ba ni in kai. Baba ya ce in ajiye. Nan zai bushe, in mayar da kwanon, Kaka ya karɓa bai tambaya ba. Sau ɗaya na ji Baba ya yi maganar, shi ma da Inna yake, bai san ina kusa ba. Ya ce, “Inna, ba ƙahwar ta dame ni ba. Ko kare ka ishe kwance cikin jini, ai ka ce mai sannu.” Inna ta yi kuka, don ita ma ɗan farinta ne, ba ta da bakin da za ta lallashe shi.

Abin ya ci mini rai shekara da shekaru. Kaka na tsufa a gabanmu, ina ganin ranar da za a fito da shi daga ɗakin nan alhali shi da ɗansa ba su wuce “lahiya lau” ba. Na gwada wasan jika, na ce, “Miji, kai da ubana yaushe za ku shirya?” A ranar ne kaɗai ya ƙi amsa mini wasa. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Sai ga taubashina, ɗan ƙanwar Baba, da maganar fim. Shi yana da shagon cajin waya a bakin kasuwa, yana tura wa mutane finafinai, kuma ya kalli na ƙasashen waje har sun yi masa yawa. Irin waɗanda ake shiryawa a kan harin da ya faru da gaske, a nuna 'yan kwana-kwana da ma'aikatan asibiti suna kutsawa cikin hayaƙi suna fito da mutane. Ya ce kullum in ya kalla sai ransa ya ɓaci. Su can in abu ya same su, sai su yi fim, duniya ta san wanda ya mutu da wanda ya yi ceto. Mu nan sai a ce an kashe mutane a wani ƙauye, a wuce. Ya ce mu ma muna da masu kai ɗauki, sai dai namu ba su da jiniya, amalanke gare su. Na tsokane shi na ce darakta mai cajin waya, amma a raina na san gaskiya ya faɗa.

Ya tara abokansa, suka samo kyamara, suka bi gida gida suna neman izinin waɗanda abin ya shafa. Wasu suka ƙi, aka bar su. Kaka ya ce shi bai ga abin nunawa ba, amma in za a ambaci waɗanda suka rasu a yi musu addu'a, to a yi. Baba ya ce kada a sake a tambaye shi.

Ainihin hanyar da aka yi harin ba ta biyuwa, don haka a bayan garin Gummi aka yi ɗaukar, wurin wani kwazazzabo mai kama da wancan. Aka ɗauko Kaka don ya nuna yadda ake jera kara. Wanda zai fito a matsayinsa wani dogon tela ne da aka shafa wa alli a gemu. Kaka ya kewaya shi ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Amarya, dibi yadda anka gyara miki miji.” Ni na je ne da sunan kai abinci. Abin da ban zata ba, muna cikin haka sai ga Baba a bayan babur. Ya sauka ya dogara zuwa wata bishiya can gefe ya zauna, ya ce iska ya zo sha. Daga baya na gane Inna ce ta ce masa ya je ya ga yadda za a yi da shi, kada a yi masa ƙarya yana raye.

Aka zo wurin da uba zai tarar da ɗansa. Taubashina ya ce a fara. Dogon tela ya diro daga amalanke da gudu, ya faɗa kan yaron da ke kwance a matsayin Baba, ya rungume kansa, ya ɗaga fuska sama ya kurma ihu yana kiran sunan Baba, sunansa na yanka, yana “ɗana, ɗana!” Har da bugun ƙirji.

Matan da suka zo kallo suka rufe baki. Kaka, da ke zaune a ƙasa, ya miƙe ba tare da ya dafa kowa ba.

“Kai! Wa yac ce maka hakanga niy yi?”

Taubashina ya matso yana sosa ƙeya. “Kaka, ai fim na. Haka aka yi ko'ina. In uba bai yi kuka ba, masu kallo cewa za su yi ba shi da imani.”

“Su ce. Ni dai ban kira sunan ga ba tun randa anka raɗa shi, ba kuwa za a kira shi da bakina cikin waya ba.”

“To Kaka, in bai kira ba, bai yi kuka ba, bai ko dube shi ba, ƙaƙa mai kallo za shi gane ɗanka na? Sai a ɗauka wani na can ka ishe bisa hanya.”

Tambayar nan ita ce wadda Baba ya kwana da ita shekaru, taubashina ya yi ta ba tare da ya sani ba. Na saci kallon gindin bishiya. Baba ya daina kaɗa sandarsa.

Na ɗauka Kaka zai juya ya tafi. Sai ya taka zuwa wurin mai kwanciyar, ya durƙusa, ya ba bishiyar da Baba ke gindinta baya. Ya miƙa hannu tela ya ba shi rawanin. Da tela yake magana, amma muryarsa ta fi yadda ake buƙata ƙarfi.

“Zo ka gani. Tun daga nesa nig gane shi, da rigatai. Shanun ga da ban taɓa bugu ba, ran nan sai da nih hwasa ma ɗaya baya. Da niz zaka, ga yadda niy yi.” Ya zagaya rawanin a cinyar yaron. “Hannun ga ya ɗaure ƙahwahun mutane tun ban da gemu, bai taɓa rawa ba. Ran nan ɗaurin kwancewa shi kai. In ɗaure shi kwance, in ɗaure shi kwance. Sai da nis sa haƙori.”

Muna kallo, hannun nasa ya soma rawa da gaske, a nan gabanmu. Ya kama bakin rawanin da 'yan haƙoran da suka rage masa ya ja.

Tela ya ce a hankali, “To Kaka, mi ya hana ka dube shi?”

“In na dibi huskatai, ba ni tashi. Na san kaina. Nan za ni zama in riƙe shi, waɗancan su mutu. Shi jininai ya tsaya, na taɓa na ji. Su nasu cikin ciki shi ka zuba. Kuma in na ɗauki nawa na bar ɗiyan mutane, har in mutu ba ni ƙara ɗaga kai garinmu, shi ma ba shi ɗagawa. Sannu kuwa, na buɗe baki in ce. Abin da ya taho ba sannu ba ta. Sai niy rufe.”

Ya dafa ƙasa ya tashi, ya karkaɗe gwiwa. “Haka za ka yi. In ka iya, ka yi. In ba ka iya ba, ku koma ma cajin wayarku.”

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuka nake yi sosai, ban ma ɓoye ba. Da na waiwaya, Baba ya riga ya kira mai babur, na hango bayansu suna hawa hanya. Na ce a raina shi ke nan, mun ƙara ɓata abin.

Washegari da safe ina shara, na ji ƙarar sanduna. Baba ya tsaya ƙofar ɗakin Kaka kamar kullum. “An kwana lahiya?” “Lahiya lau.” Na jira in ji ya juya. Sai na ji ya jingina sandunan da bango. Ya zauna a bakin tabarmar, ya naɗe ƙafar wandon da ake ninkewa, ya miƙa dungun gaban mahaifinsa, yana kallon wani wuri daban. Ya ce, “Wurin ga na damuna in anka yi sanyi.”

Kaka bai dube shi ba. Ya ɗaga murya ya ce, “Amarya! Kawo man shanun ga.” Na kawo. Ya lakata ya fara murzawa, sannan ya ce wa bango, “Bana gero ya yi tsada.” Baba ya ce wa ƙofa, “Dawa ma haka.” Suka shiga gardamar gero da dawa har rana ta take. Inna na bakin murhu tana ta fifita wutar da ta riga ta kama.

Daga ranar kusan kullum haka ake yi. Ba su taɓa tayar da maganar kwazazzabo ba, ko sau ɗaya, kuma Kaka bai fara kiran sunansa ba. Amma Baba ya koma cin tuwon dare a ƙofar ɗakin nan, har na fara jin dariyarsa da na manta yadda take.

Taubashina ya sake ɗaukar wurin. Ya hana tela magana, ya sa kyamara a kan hannu kawai, da rawani, da haƙori. Da fim ɗin ya fita, ya bi wayoyi daga Gummi zuwa Anka har inda ba mu sani ba. Wasu samari sun yi ƙorafi wai jarumin bai yi kuka ba. Amma an ba ni labarin wani dattijo da ya kalla a shagon taubashina, da aka zo wurin ɗaurin ya ce, “Wanga ɗan hwarinai na,” ya tashi ya fita waje yana share ido, ba wanda ya gaya masa. Bayan haka matasa daga ƙauyuka suka riƙa zuwa wurin Kaka wai ya koya musu tsayar da jini. Ya ce shi ƙashi ya sani, ya tura su wurin wata ma'aikaciyar asibiti da ta yarda ta riƙa koya musu ranar da ba ta aiki. Yanzu akwai ƙauyukan da in abu ya faru, an san wa zai fito da amalanke, wa zai riƙe tsumma. Ina roƙon Allah Ya kawo ranar da ba za a buƙace su ba.

A jinyarsa ta ƙarshe Baba ne ya riƙe shi. Mai ƙafa ɗaya ya hana masu ƙafa biyu ɗaga mahaifinsa, shi ke jingina shi a ƙirji ya ba shi kunu. A jikinsa ya cika, da kalmar shahada. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe masa, Ya ɗora masa abin da ya karye kamar yadda ya ɗora wa bayinSa. Waɗanda suka rasu a hanyar kasuwa, da duk inda aka zubar da jinin bayin Allah a ƙasar nan, Allah Ya karɓi shahadarsu.

Baba bai taɓa kallon fim ɗin ba sai bayan addu'ar uku. Baƙi sun ragu, ana naɗe tabarmi da yamma, sai ya aiko ƙanwata ta karɓi wayata, a sa masa wurin. Na tsaya daga bakin ƙofa. Ya kalla, ya ce a mayar baya, ya sake kalla. Sannan ya ce, “Telan ga ya yi ƙoƙari. Amma hannun tsoho ya hi haka rawa. Ina ji a jikina ran nan, na ɗauka ni ka rawa.”

Ya miƙa wa ƙanwata wayar. Ni ce 'yar farin Baba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba, kuma na sha jin haushin haka a ɓoye. Ina tsaye a gabansa, bai ɗaga kai ya dube ni ba. Ya ce wa ƙanwata, “Ki ce ma waccan ta tahi ta ci abinci. Tun randa anka yi rasuwar ga ina lura, ba ta sa komi bakinta ba.”

Na juya na tafi madafa, na zuba tuwo na zauna na ci, ina ci ina kuka.